Idon masu tsintar naman kaza

Da damina ta kankama, a ƙasar Gwari da kudancin Kaduna za ka ga mata suna zagayen suri da sassafe, suna neman naman kaza. Ga baƙo duk laimar kwaɗi ce. Gwanar kuwa ba ta tsinko shi daga sama. Da wuƙa take tonowa har gindi, domin shaidar farko a cikin ƙasa take.

Irin da ke fitowa a suri, wanda masanin Faransa Roger Heim ya raɗa wa suna Termitomyces a 1942, gara ce ke noma shi a cikin gidanta. Shi ya sa akasarinsa ke da doguwar saiwa siririya da ke nutsewa har ɗakin garar. A tsakiyar hularsa kuma akwai ɗan tsini mai tauri, wanda da shi ya huda ƙasa ya fito. Gwanar ta ga saiwa, ta shafa tsini da babban yatsa, sannan ta kifa hular ta duba siraran layukan da ke jere a ƙarƙashi kamar shafukan littafi: farare ne, suna ɗan komawa ruwan hoda idan ya manyanta.

Masana sun ƙara da wata dabara mai arha. A kifa hular a kan takarda, a rufe da kwano na wasu awoyi, ƙurar irinsa za ta zubo. Ta ɗan suri ruwan hoda ce. In ta fito kore-kore, to Chlorophyllum molybdites ne, mai tsirowa cikin ciyawa, mai sa amai da gudawa. Yana da yaudara, don yana ƙarami layukansa farare ne tas.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawan abin da gwanar ke bari a daji. Duk wanda ta ga gindinsa zaune cikin wata 'yar jaka, ta wuce. Alamar dangin Amanita ke nan, kuma a cikinsu akwai masu dafin da ke lalata hanta. Wanda ya ci yakan yi awa 6 ko fiye lafiya lau kafin ciwo ya taso, tafasa kuma ba ta kashe dafin. Batun wai in tsutsa ta ci shi, mutum ma zai iya ci, ƙarya ce.

Hoto a waya ba ya nuna saiwa. In kana sha'awa, bi wadda ta sani zuwa daji, kada kuma ka sa wa tukunya abin da ba ta duba ba.