Aalaapi: wasan da ke cewa mu yi shiru

Jama'a, yau za mu duba wani wasan kwaikwayo na ƙasar Kanada. Sunansa Aalaapi. An fara nuna shi a birnin Monreyal cikin shekara ta 2019.

Wasan yana magana bisa zaman matan Inuwit. Inuwit mutane ne da ke zaune can arewacin duniya, ƙasar sanyi da ƙanƙara. Waɗanda wasan ya shafa suna yankin Nunabik, arewacin jihar Kebek. Garuruwa 14 ne. Babu hanyar mota da ta haɗa su da kudu, sai jirgin sama, ko jirgin ruwa in ƙanƙara ta narke. Shi ya sa rediyon gari ke da daraja ƙwarai wurinsu.

Cikin harshensu, Aalaapi na nufin a yi shiru don a ji abu mai kyau.

To, me ake gani? Ana ganin bangon gida mai taga. Mata biyu suna ciki. Suna kwaɓa garin alkama, suna yin gurasa, suna hira kaɗan kaɗan. Rediyo na buɗe. Daga cikinta muryoyin ƴan mata 5 na Nunabik ke fitowa. Ba ƴan wasa ba ne. Maganarsu ta gaskiya ce aka ɗauka, da harshen Inuktitut, da faransanci, da ingilishi. Suna faɗin zamansu tsakanin garinsu da biranen kudu.

Wani zai ce: "Wannan ai ba wasa ba ne. Ba faɗa, ba kuka, ba sarki." A ganina, nan ƙarfinsa yake. Sau da yawa baƙi ke ba da labarin Inuwit, kuma wahalarsu kaɗai suke faɗi. A nan, mai kallo yana waje, yana leƙe ta taga. Ba ya tambaya, ba ya yanke hukunci. Saurare ya zama tilas. Aikin da mace ke yi kullum cikin ɗaki, wanda ba a lissafa shi, shi ne ya cika fage.

Amma akwai abin dubawa. Matan biyu da suka kawo shawarar aikin, Laurence Dauphinais da Marie-Laurence Rancourt, ba Inuwit ba ne. Gaskiya ne sun yi aikin tare da ƴan matan, cikin ƙungiya guda. Duk da haka, mai haɗa muryoyi yana da hannu wajen zaɓen abin da za a ji. Kuma mai gajen haƙuri zai gaji, don wasan yana tafiya sannu.

Ko da haka, wasan ya cika alkawarin sunansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ana son sanin zaman mace, a bar ta ta faɗa da bakinta, sauran jama'a su kasa kunne.