Salsalar Manhaja: Sharhi a kan Laccar Ken Thompson

Wannan takarda za ta yi nazarin laccar da Ken Thompson ya gabatar lokacin karɓar lambar yabo ta Turing, wadda aka buga a 1984. Shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, wato babbar manhajar da ke gudanar da kwamfuta. Dalilin waiwayar ta shi ne, ɗalibanmu masu neman babban digiri a fannin tsaron kwamfuta sukan tsaya ga kalmar sirri da katangar tsaro, ba su tambayar a kan me katangar ta tsaya.

Hujjar Thompson ita ce: mutum yana rubuta shiri da harshen da yake fahimta, sai wani shiri, wanda za mu kira tafinta, ya mayar da shi harshen na'ura. Ya nuna ana iya koya wa tafinta ha'inci biyu. In ya gamu da shirin da ke tantance masu shiga, sai ya saka masa ƙofar ɓoye. In kuma ana fassara sabon tafinta, sai ya dasa ha'incin a cikinsa. Daga nan ana iya goge alamar daga rubutun asali, mai bincike ya karanta shi baƙi da wasali bai ga aibi ba.

Mu a Sakkwato wannan ba baƙon zance ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ambaton malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, domin ba a rabe ilmi da hanyar da ya biyo. To, kwamfutar da ɗalibi ya kai shago a Sabon Gari aka ɗora mata manhaja daga kwafen kwafe, wa zai kawo salsalarta? Wasu sukan ce ai suna gwaji ne cikin kwamfutar kwaikwayo, wadda ake ginawa a cikin ta gaske. Amma a 2006 masu bincike na Jami'ar Michigan da Microsoft sun nuna, da aikinsu SubVirt, cewa maha'inci na iya shiga ƙarƙashin babbar manhaja, ya mayar da ita kanta abin kwaikwayo.

Sai dai laccar tana da rauni. Thompson ya amsa cewa ya tsinci dabarar ne daga wata takardar rundunar sojan sama ta Amurka, amma bai iya kawo sunanta ba. Ita ce rahoton Karger da Schell na 1974 a kan Multics. Ashe mai wa'azin salsala tasa ma ta yanke! Mafi muni, a nawa ganin, ya bayyana cuta bai nemi magani ba, sai ya karkata ga kukan yadda 'yan jarida ke kambama samari masu kutse.

Maganin ya fito ne daga aikin ɗalibi. A kundin digirinsa na uku a Jami'ar George Mason, 2009, David Wheeler ya tabbatar da wata hanya: a fassara rubutun tafintan da ake zargi da wani tafinta na daban, sa'an nan a sa abin da ya fito ya sake fassara rubutun, a gwada sakamakon da tafintan da ke hannu. In sun saɓa, akwai magana. Wannan ita ce muƙabalar da magabatanmu ke yi wa kwafe biyu na littafi ɗaya. Aikin bai bukatar na'ura mai tsada, kwamfutar hannu da tafinta biyu kamar GCC da Clang sun isa ɗalibinmu ya soma.