Sandar Kiɗa da Muryar Mawaƙi: Tsokaci a Kan Santur a Faifan Shivkumar Sharma na 1967

A cikin kayan kiɗa masu tsirkiya akwai waɗanda ake gogawa, kamar goge da kukuma, akwai kuma waɗanda ake kaɗawa da yatsa ko da farke, kamar molo da garaya. Akwai wani kashi na uku da makaɗan Hausa ba su saba da shi ba, watau wanda ake bugun tsirkiyoyinsa da 'yan sanduna kamar yadda ake bugun ganga da gula. Santur na cikin wannan kashi. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne wani faifai da aka ɗauka a Indiya a 1967 mai suna Call of the Valley, watau kiran kwari, wanda galibin masu rubutu ke kafa hujja da shi cewa santur ya sami shiga fadar kiɗan gargajiya na arewacin Indiya. A ganin mai wannan rubutu hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Amma kafin a kai ga wannan, wajibi ne mai karatu ya san yadda ake ƙera abin, domin daga ƙirarsa matsalar ta taso.

Santur akwati ne mai faɗi marar zurfi, gefensa da ke kusa da makaɗi ya fi na nesa tsawo. A Farisa da Kashmir da itacen da Larabawa ke kira jauzu ake yin sa. Ana ɗaura wayoyi daga wannan gefe zuwa wancan, kowace waya an naɗe kanta a jikin ƙusa wadda ake murɗawa da ɗan makulli don a ɗaga sauti ko a sauke shi. A ƙarƙashin wayoyin ake jera jakuna, sahu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na Farisa yana da jaki 18, kowanne ɗauke da waya huɗu masu sauti ɗaya, jimla 72 ke nan. Na dama tagulla ne masu kauri, na hagu kuwa ƙarfe ne masu zaƙi. Jakin hagu yakan raba waya gida biyu, gajere da dogo, ta yadda sautin da ke bayan jaki zai zama ninkin na gabansa. Wannan tazara tsakanin sauti da ninkinsa ita ce za mu kira zango a nan. Na Bagadaza ya ɗan fi girma, da waya 92. Na Kashmir kuwa jaki 25 gare shi, waya 100 cif.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Da zarar sanda ta taɓa waya, aikin makaɗi a kan wannan sauti ya ƙare. Ba shi da ikon ƙara masa ƙarfi, ba shi da ikon lanƙwasa shi sama ko ƙasa, sai dai ya saurara ya ji yana mutuwa a hankali. Bugu da ƙari, ba ya mutuwa da wuri, saboda haka sautin da aka buga ɗazu yana nan yana amo lokacin da aka buga na gaba, har su cakuɗe. Mutanen Hangare sun magance wannan ta biyun a 1874, lokacin da wani maƙeri a Budafes mai suna Schunda ya yi wa nasu, wanda suke kira simbalom, abin takawa da ke danne wayoyi su yi shiru. Ta farkon kuwa ba ta da magani a ƙira.

Ga kiɗan arewacin Indiya wannan babbar illa ce. A wurinsu muryar ɗan Adam ita ce ma'auni, kuma darajar kowane abin kiɗa gwargwadon iya kwaikwayon murya ce. Abin da suke kira raga ya wuce jerin sautuka kawai, ya haɗa da yadda ake zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da yankewa ba, abin da suke kira mind. Bahaushe ba zai sha wuya wajen gane wannan ba in ya tuna da mai kalangu, yadda yake matse tsirkiya a hammata bayan ya riga ya buga, sautin ya hau ko ya sauka ya bi karin magana. A ƙwace masa wannan matsi, a ce ya yi kirari da kalangu, a ga yadda zai ƙare. Halin da mai santur yake ciki ke nan.

Shivkumar Sharma, wanda aka haifa a Jammu a 1938 ya rasu a 2022, da waƙa da tabla ya fara a hannun mahaifinsa, Uma Dutt Sharma. Yana da shekara 13 mahaifin ya ɗora shi a kan santur. Da ya fito bainar jama'a a Bombai a 1955, masana kiɗa da yawa sun ce abin bai dace da raga ba. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana gyara. Ya ƙara yawan jakuna har abin ya kai zango uku, ya rage wayoyin da ke kan kowane jaki, ya sake tsarin ɗaurin sautuka. Ya kuma sauke akwatin daga kan ɗan teburin da mutanen Kashmir ke ɗora shi, ya aza shi a kan cinyarsa, domin jikinsa ya shanye wani abu daga amon nan mai cakuɗa sautuka. Mafi muhimmanci, ya ƙago wata dabara ta jan kan sanda a kan waya tana karkarwa, yana wucewa da ita daga wannan waya zuwa waccan, har kunne ya ji kamar sauti ɗaya ne ke tafiya. Haƙiƙa dabara ce ta gwani. Amma fa ruɗin kunne ce: sautukan suna nan a rarrabe, saurin bin juna ne ya ɓoye gaɓoɓinsu.

Yanzu sai mu koma kan faifan. Mutum uku ne a gaba: Sharma da santur, Hariprasad Chaurasia da sarewar gora, Brij Bhushan Kabra da jita wadda ake kwantarwa a goga mata ɗan ƙarfe. An tsara shi a kan labarin yini guda na wani makiyayi a kwarin Kashmir, daga asuba zuwa dare, kowane lokaci da ragar da ta dace da shi, kamar Ahir Bhairav ta safiya da Bhup ta almuru. Babu mai musun daɗinsa, kuma ya yi kasuwa ƙwarai a ciki da wajen Indiya. Tambayar ita ce, me ya tabbatar game da santur?

Duk wanda ya saurara da kunnen nazari zai lura da yadda aka raba aiki. Sarewa da jitar Kabra duka biyu gwanayen zamiya ne, ɗaya da numfashi da yatsa, ɗaya da ƙarfen nan da ke yawo a kan waya. Galibin wuraren da raga ke bukatar dogon sauti mai lanƙwasa, su ne ke ɗaukar nauyin. Santur kuwa an ba shi abin da dama ya fi kowa iyawa: yayyafin sautuka masu sauri, kamar ruwa na gangarowa a kan duwatsu. Sa'an nan a dubi ragogin da aka zaɓa. Pilu da Pahadi na cikin waɗanda su kansu Indiyawa ke lissafawa a sahun masu sauƙi, masu kusa da waƙoƙin karkara, waɗanda ba a tsananta ƙa'ida a cikinsu. Bhup sauti biyar gare ta, a miƙe. Ba a kusanci irin su Darbari Kanada ba, wadda ranta duka yana cikin wani sauti guda da ake girgizawa a hankali ƙwarai. Kowane yanki kuma 'yan mintoci ne, ba a bar wurin doguwar shimfiɗar nan da ake yi kafin tabla ta shigo ba, alhali a nan ne ake gane ko abin kiɗa zai iya riƙe raga shi kaɗai. Watau dai faifan ya kauce wa jarrabawar da ake cewa ya ci. Wanda ke son ya yi wa Sharma adalci, sai ya nemi faya-fayensa na baya inda ya zauna shi da mai tabla kawai ya warware raga ɗaya ta tsawon lokaci. A can ne ake jin iyakar abin da ya cim ma, kuma ba kaɗan ba ne.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan nauyi. Faifan ya ari sunan kwarin Kashmir, da makiyayinsa da tsaunukansa, amma kiɗan da santur ya rayu a cikinsa a wannan kwari ba ya ciki. Wannan kiɗa shi ne sufiyana kalam, inda ake rera baitocin sufaye da Farisanci da Kashmiranci, bisa tsarin maƙamai, shugaban ƙungiya yana waƙa yana buga santur, ana raka shi da saz da setar da ganga. A nan ba a taɓa ganin santur da naƙasa ba, domin muryar tana bakin makaɗin, aikin wayoyi shi ne su riƙe mata hanya. Sai da aka raba shi da mawaƙi aka ce ya zama mawaƙin da kansa, sa'an nan aibinsa ya fito. Irin su Ghulam Muhammad Saznawaz, wanda ya rasu a 2014, sun ƙare rayuwarsu suna koyar da wannan fanni ga ɗalibai 'yan ƙalilan, a daidai lokacin da sunan santur ke zaga duniya.

Har a wajen suna ana ganin wannan ture. An yawaita cewa santur shi ne shatatantri vina, mai waya ɗari, da aka ambata a tsofaffin littattafan Sanskirit. Yawan waya ya yi daidai, amma yawan waya ba ya tabbatar da ƙira ko yadda ake bugawa. Kalmar santur kanta ɗaya ce da ta Farisa da Iraƙi, kuma masana harshe da dama suna mai da ita ga wata kalmar Girkanci wadda ta shiga Aramiyanci, har ta fito a Littafin Daniyel. Dangantakar Kashmir da Farisa ta fuskar addini da adabi da sana'a sananniya ce tun ƙarni na 14. Neman asali a Sanskirit ya taimaka wajen sama wa abin karɓuwa a zauren da ke ƙyamarsa, sai dai ya yi hakan ne ta hanyar rage hasken waɗanda suka riƙe shi.

Mai karatun da ya saba da finafinan Indiya wataƙila ya daɗe yana jin aikin mutanen nan bai sani ba. Sharma da Chaurasia su ne suka haɗu da sunan Shiv-Hari suka tsara kiɗan Silsila a 1981 da Chandni a 1989 da Darr a 1993. Rabon aikin da suka gwada a 1967, sarewa ta ja dogon sauti santur ya yi yayyafi a bayanta, ya zama abin da masu fim ke kira da shi duk lokacin da aka nuno tsauni da ƙanƙara.