2.4 Sharhi a Kan Jagoran mhGAP da Matasan Dandume

A shekarar 2010 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran mhGAP, aka kuma sabunta shi a 2016. Manufarsa ita ce ma'aikacin ƙaramin asibiti, wanda ba ƙwararre ba ne a fannin ƙwaƙwalwa, ya iya kula da masu ciwon damuwa da shaye-shaye ta hanyoyin da bincike ya tabbatar da ingancinsu. Dangane da matasa, jagoran ya fifita magani ta hanyar tattaunawa a kan gaggauta ba da ƙwaya, ya kuma nemi a ba matashi damar ganawa da ma'aikaci shi kaɗai. Wannan abin yabawa ne.

Sai dai idan aka auna shi da ƙasar Dandume, za a ga cewa nasararsa ta rataya ne a kan abubuwa guda biyu.

Na farko shi ne ma'aikacin kansa. An horar da shi da Ingilishi, alhali da Hausa zai yi aikin. Idan bai tanadi kalmomi masu taushi ba, sai ya faɗa wa "hauka" ko "taɓin hankali", waɗanda kan sa iyaye su janye ɗansu su nufi wurin mai ruƙiyya. Haka kuma, kunya ba za ta bar saurayi ya ambaci tiramol a gaban mahaifinsa ba, balle budurwa ta buɗe cikinta ga namiji baƙo.

Na biyu shi ne wurin aiki. Tattaunawa tana buƙatar ɗaki na sirri, da lokaci, da dawowa mako-mako, da kuma na gaba mai duba aikin. A inda ma'aikaci ɗaya yake fama da layin masu zazzaɓin cizon sauro da damina, matasa kuma suna gonar masara, rubuta ƙwaya ya fi sauƙi. Asibitocin ƙwararru kuwa, irin na Barnawa a Kaduna, suna nesa da talaka.

Ra'ayin wannan nazari shi ne, jagoran ya yi bayanin magani, amma ya ɗauka cewa an riga an shirya mai bayarwa da inda za a bayar. Tun a 1954 Dokta Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa jinya ta fi karɓuwa idan aka shigo da dangi da al'adar mutane. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023 ba za ta amfani matashin Dandume ba, sai an horar da ma'aikata da Hausa, an kuma rage musu nauyi.