Ina tumakin mahayan dawaki?

Duk marubucin da ya zauna zai ƙago wata duniya daga kansa, ya zana mata taswira da sarakuna da yaƙe-yaƙe, da wuya ya tashi bai ware wani yanki a gabas ba, fili fetal, ciyawa iyakar ganin ido, ya zuba masa wasu mutane marasa gari waɗanda rayuwarsu duka a kan sirdi take. Mafi shahara a cikinsu su ne Dothraki na George R. R. Martin, waɗanda suka fito a littafin A Game of Thrones a 1996, sannan tashar HBO ta kai su ko'ina a duniya daga 2011 zuwa 2019. Masu wasannin kwamfuta da ƙananan marubuta sun bi sahu, kowa da tasa daular mahaya. Ina son irin waɗannan labarai ƙwarai, shi ya sa abin da ake yi wa mutanen nan a cikinsu yake damuna.

Martin da bakinsa ya ce ya haɗa Dothraki ne daga Mongol da Hun da wasu ƙabilun asali na Amurka irin su Sioux da Cheyenne. To amma dubi abin da ya fito. Mutane ne da ba sa saye ba sa sayarwa, suna raina tunkiya da masu kiwonta, abincinsu naman doki, bikin aurensu ba ya ƙayatar da su sai an zub da jini. An ce Khal Drogo, ɗaya daga cikin shugabanninsu, yana da mayaƙa 40,000. Mayaƙin Mongol na gaskiya da dawaki da yawa yake fita don ya riƙa sauyawa, ko da uku-uku aka ba mutanen Drogo an kai 120,000, ban da na mata da yara. Wa ke kiwonsu? A wace rijiya suke sha? Idan rani ya yi ina ake dosa? Labarin bai damu ba, domin sukuwa da takobi kawai yake nema.

Mongol na gaskiya makiyaya ne kafin su zama mayaƙa. Dabbobi biyar suke lissafawa a matsayin dukiya: doki, saniya, raƙumi, tunkiya da akuya, kuma ƙananan dabbobin nan biyu su suka fi yawa. Tunkiya ce ke ba su naman yau da kullum, da gashinta ake yin bargo mai kauri da ake lulluɓe tantinsu mai suna ger, busasshen kashin dabbobi kuma shi ne makamashi a ƙasar da itace ya yi ƙaranci. Ana tatsar goɗiya a tsima nonon ya zama abin sha. Babban abin tsoronsu shi ne dzud, hunturun da ƙanƙara ke rufe ciyawa har dabba ta kasa kaiwa gare ta. Na 2009 zuwa 2010 ya kashe miliyoyin dabbobi a Mongoliya, ya kori iyalai da dama zuwa gefen birnin Ulaanbaatar. Mutumin da ke rayuwa a ƙarƙashin wannan barazana dole ya iya lissafi da haƙuri da riƙon zumunci, domin ranar da garkensa ya ƙare dangi ne za su tayar da shi.

Ko tarihin Genghis Khan kansa ya fi abin da ake ƙagowa daɗi. Bayan an kashe mahaifinsa da guba, dangi suka watsar da su, uwarsa Hoelun ta rene su da saiwoyi da 'ya'yan itatuwa, yaran kuma suna kama kifi. Wata rana ɓarayi suka kore dawakin gidan guda takwas, ya bi sawu, a hanya ya tarar da wani yaro Bo'orchu yana tatsar goɗiya, yaron ya bar aikinsa ya raka shi, suka zama aminai har ƙarshen rayuwa. A 1206 taron manya da suke kira kurultai ya naɗa shi sarki. Ya karɓi rubutun Uyghur, magadansa suka shimfiɗa zangon 'yan aike da dawakin sauyi daga wannan kusurwar daula zuwa waccan. Mata kuwa su ke kafa tanti su kwance, su ke tuƙa amalanke ranar ƙaura. Töregene ta riƙe daular baki ɗaya daga 1241 zuwa 1246, Sorghaghtani kuma ta rene 'ya'ya huɗu, biyu daga cikinsu, Möngke da Kublai, suka zama manyan sarakunan daular.

Zancen wai ba sa ciniki shi ya fi ba ni haushi. Makiyayi bai taɓa wadatuwa da kansa ba, yana buƙatar hatsi da tufa da tukunyar ƙarfe. A 1550 wani sarkin Mongol, Altan Khan, ya kai hari har bakin Beijing, kuma babbar buƙatarsa ita ce daular Ming ta buɗe masa kasuwa a kan iyaka. Sai a 1571 aka yi sulhu aka buɗe kasuwannin dawaki, hare-hare suka lafa. Ga labarin da zai cika littafi guda, amma marubuta sun fi son ɗan daji mai ihu.

Ba a buƙatar yi mana dogon bayani a kan wannan. Wanda ya tashi yana ganin Bafulatana da ƙwaryar nono a kasuwa, ya ga manomi ya roƙi makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi don taki, ya san burtali da mashaya da aikin arɗo, ya san cewa rayuwar mai yawo da dabba cike take da doka da yarjejeniya. Mun kuma ga yadda laifin wasu 'yan bindiga ya sa ake shafa wa makiyaya gaba ɗaya baƙin fenti. Labarin da ke koya wa miliyoyin masu kallo cewa mai ƙaura da dabba maƙetaci ne tun daga jini, ko da an ce ƙage ne, yana ƙara wa wannan tunani ƙarfi.

Ba cewa nake yi a cire yaƙi ba. Mongol sun yi ɓarna mai ban tsoro, Bagadaza ta shaida a 1258. Masu kallon shirin Diriliş: Ertuğrul ma sun ga takobi ba iyaka, amma duk da ƙarin gishirinsa, shirin ya nuna ƙabilar Kayı tana neman makiyaya, matanta suna saƙa darduma ana kaiwa kasuwa, dattawa suna zaman shawara a tantin shugaba. Shi ya sa idan aka kai musu hari mai kallo yake jin ciwo, ya san abin da za a rasa.

Ga matasanmu masu rubuta littattafan yaƙi da jarumta, idan za ku ƙago daular mahaya, ku fara da garke. Ku yanke ina suke cin rani, ina suke yin damina, wa ke da ikon rijiya, nawa ne diyyar wanda ya saci ingarma, da wace kasuwa suke musayar duƙushi da hatsi. Ku je ruga ku yini, ku tambayi mai doki abin da dusa da harawa da kanwa suke ci masa a wata, sannan ku ɗora wa jaruminku sirdi.