Lamin Sanneh da Batun Fassarar Bishara

An haifi Lamin Sanneh a Gambiya a 1942, cikin gidan Musulmi. Ya karɓi Almasihu yana saurayi, daga baya ya shiga ɗarikar Katolika. Ya yi digirinsa na uku a Landan a kan tarihin malaman Jakhanke, ya koyar a Legon ta Ghana, da Aberdeen, da Harvard, sannan Yale daga 1989 har rasuwarsa a 2019.

Littafinsa na 1989, Translating the Message, shi ya fito da sunansa. Hujjarsa ita ce, tun ranar Fentikos bishara ba ta da harshe guda da ta keɓe wa kanta. Da 'yan mishan suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan Afirka, dole suka ɗauki sunan da mutane suke kiran Allah da shi, ta haka kuwa suka miƙa wa masu harshen ikon auna koyarwar Bature da Nassi. A nan ya yi gaskiya. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 shaida ne, gama da shi masu bishara 'yan ƙasa suka shiga ƙauyukan da Bature bai taɓa takawa ba.

Amma hujjar tana da gibi biyu. Na fari, ya kambama bambanci tsakaninmu da Musulunci, cewa shi yana riƙe da Larabci. Salla da Larabci ake yi, hakika. Sai dai tafsirin watan azumi da Hausa ake yinsa, Nana Asma'u kuma ta koyar da mata da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Cocin da Sanneh ya shiga ma ya riƙe Latin a sujada har zuwa taron Vatican na Biyu (1962–1965).

Na biyu ya fi shafarmu. Wa Berom, ko Ngas, ko Tarok, Hausa ba harshen uwa ba ne. Mishan ta zaɓe shi don sauƙin aiki, harsunan gida kuwa suka daɗe suna jira. Fassarar da ta 'yantar da wani ta danne wani.

Saboda haka, fasto, ka auna ikkilisiyarka da ma'aunin Sanneh. Tsohuwar da take zaune a bencin baya, da wane harshe take addu'a in ta koma ɗakinta? Sau nawa ta ji Nassi da shi daga bakinka?