Masu Tambayar Tsutsa

Kafin ɗan sanda ya iso, koren ƙuda ya riga shi. Wari na tashi daga gawa zai sauka, ya zuba ƙwai a ido da hanci, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa. Daga girman tsutsar nan masana ke lissafin kwanakin da gawa ta yi a yashe.

Sai dai kowane jinsin ƙuda da saurin girmansa, ƙananan tsutsotsi kuwa kamar an tsaga kara. Don haka mai bincike kan ɗibi wasu ya yi ta kiwonsu da hanta har su zama ƙudaje kafin ya tantance su, kwanaki na tafiya, dangin mamaci na zaman jira.

Shi ya sa nake jinjina wa Farfesa Rabi Musah da ɗalibanta, waɗanda suka samo hanyar gaggauta tantancewar a jami'ar Albany ta Amurka. Tsutsar da aka adana cikin kwalbar sinadari, sai a tsoma ɗan tsinken gilashi a ruwan, a kanga shi a bakin wata na'ura mai suna DART. Cikin daƙiƙoƙi na'urar ta auna sinadaran da suka fito daga jikinta, kwamfuta ta gwada su da na jinsunan da aka riga aka sani, ta faɗi sunanta.